Yaƙin Jiragen Ƙarƙashin Teku a Aktik, 1941 zuwa 1945: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka ambaci jiragen ƙarƙashin teku a Yaƙin Duniya na Biyu, Tekun Atlantika ne ke faɗo wa mutane a rai. Amma can arewa da Norway, a tekunan Barents da Kara, an kwashe kusan shekara huɗu ana wani gumurzu na daban, wanda hasken rana da ƙanƙara suka fi manyan hafsoshi faɗa a ji a cikinsa. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Me ya kai yaƙi wurin da babu kowa sai ƙanƙara?

Hanya. Bayan Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet a ranar 22 ga Yunin 1941, Birtaniya, daga baya kuma Amurka, suka ɗau alkawarin aika mata da tankoki da jiragen sama da abinci. Hanya mafi kusa ita ce a taso daga Iceland ko Scotland, a kewaye ƙuryar arewacin Norway, a sauke kaya a Murmansk ko Arkhangelsk. Tashar Murmansk ba ta daskarewa ko a tsakiyar hunturu, saboda ruwan ɗumi da ke gangarowa daga Atlantika. Ayarin farko ya isa Arkhangelsk ranar 31 ga Agustan 1941. Cikas ɗin shi ne Norway na hannun Jamus tun 1940, don haka kowane ayari sai ya ratsa ta ƙofar gidan abokin gaba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Jamusawa ma suna da tasu hanyar a wannan gaɓa. Ta teku ake kai wa sojojinsu da suka maƙale a kogin Litsa, yamma da Murmansk, abinci da harsasai, ta teku kuma ake kwaso tama daga Kirkenes da nikel daga Petsamo. Saboda haka kowane ɓangare mafarauci ne, kuma abin farauta. Jiragen Jamus suna dakon ayarin ƙawance, jiragen Sobiyet da na Birtaniya suna dakon jiragen kayan Jamus, wani lokaci a ruwa guda.

Wane irin jirgi ne ake magana a kai?

A cire hoton jiragen nukiliya na yau daga rai. Jirgin wancan zamani jirgi ne mai tafiya a saman ruwa wanda ya iya nutso na ɗan lokaci. Wanda Jamusawa suka fi aikowa arewa, samfurin VIIC, tsawonsa kamar mita 67, mutanensa tsakanin 44 da 52, yana ɗauke da tofido 14, wato bam mai farfela da ke gudu a cikin ruwa. A saman ruwa injin dizal na kai shi kusan kilomita 32 a awa. Da ya nutse sai batir, gudun ba ya wuce kilomita 14 a awa, kuma idan ya yi wannan gudun batir ɗin ba ya daɗewa. Ko da rarrafe yake yi, bayan yini ɗaya ko biyu dole ya taso ya sha iska ya yi caji. Wannan larura ta tasowa ita ce tushen kusan duk abin da ya faru a Aktik.

Yaya hasken rana ya shiga maganar?

A Atlantika dabarar ita ce a ɓuya da rana, a taso da dare a yi caji, a kai hari a saman ruwa cikin duhu. A Aktik kuwa akwai watannin da dare ba ya zuwa sam. A Murmansk rana ba ta faɗuwa daga wajen ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli. Jirgin da ya taso yin caji a lokacin yana fili, kowane jirgin sama na iya hango shi. Sai dai hasken ya fi cutar ayarin kaya, domin jiragen leƙen asirin Jamus suna iya kewaya shi awa 24 suna kiran masu jefa bam.

Da hunturu abin ya juye. Daga farkon Disamba zuwa wajen 11 ga Janairu rana ba ta fitowa a Murmansk. Ayari na iya wucewa cikin duhu da guguwa ba a gan shi ba, kwamandan jirgin ƙarƙashin teku kuma yana leƙe ta madubinsa ba ya ganin komai. Amma a ƙarshen hunturu da bazara bakin ƙanƙara yana saukowa kudu, ya matse ayari tsakanin tsibirin Bear da gaɓar Norway, daidai lokacin da hasken ke dawowa. Watannin Maris zuwa Mayu ke nan, kuma su ne matuƙa suka fi tsoro. Ba banza ba a 1943 aka dakatar da ayari daga Maris har Nuwamba, aka jira duhu.

Yaya rayuwa take a cikin jirgin?

Ƙunci da danshi. Numfashin mutum hamsin yana taruwa a jikin ƙarfe mai sanyi ya riƙa ɗiga, tufafi ba sa bushewa, burodi yana yin fumfuna. Gado ɗaya mutum biyu ke karɓa-karɓa a kansa. A jirgin Jamus ban-ɗaki biyu ne, amma ɗaya a cike yake da abinci a farkon tafiya. Wanka kuwa sai an dawo gida.

Masu gadi a saman hasumiya su suka fi shan wuya. Igiyar ruwa na dukansu, ruwan na daskarewa a rigunansu, sai an ɗaure su da bel don kada teku ta tafi da su. Ƙanƙara tana lulluɓe bindiga da eriya da ramukan iska, wanda zai iya hana jirgi nutsewa a lokacin da ya fi bukata. Maganin da suka samo shi ne su nutse lokaci-lokaci, tunda ruwan teku, duk da yana dab da daskarewa, ya fi iskar waje ɗumi, sai ya narkar da ita.

Wanda ya faɗa ruwa kuwa mintuna ne suka rage masa. Da jirgin Jamus U-454 ya harbi jirgin rakiyar Birtaniya Matabele a Janairun 1942, cikin mutum fiye da 200 biyu ne suka tsira. A Fabrairun 1945 mutum ɗaya tak ya fita daga jirgin Bluebell.

Yaya Jamusawa ke gano ayari a wannan faffaɗan teku?

Da jirgin sama, da jera jiragen ƙarƙashin teku a layi a gaban hanyar da ake zato, da kuma sauraron rediyo. Masu fasa sirrin saƙonni na rundunar ruwan Jamus sun karanta wasu saƙonnin ayarin Birtaniya har tsakiyar 1943. Su ma Turawan Ingila a Bletchley Park, cibiyarsu ta fasa sirrin saƙonni, suna karanta saƙonnin jiragen Jamus na arewa, sai dai sau da yawa da jinkirin awoyi. Sansanonin jiragen Jamus suna Trondheim da Bergen, da na gaba-gaba a Narvik da Hammerfest da Kirkenes.

Shi kansa Admiral Karl Dönitz, shugaban jiragen ƙarƙashin tekun Jamus, bai so a tura jirage da yawa arewa ba. A ganinsa a Atlantika za a ci yaƙi ko a faɗi. Hitler ne ya ƙi ji, don ya ƙudurta a ransa cewa Birtaniya za ta mamaye Norway.

Me ya sami ayarin PQ 17?

Wannan ne babban bala'in hanyar, kuma a ganina ba ƙwarewar jiragen ƙarƙashin teku ba ce ta jawo shi. Ayarin ya bar Iceland ranar 27 ga Yunin 1942 da jiragen kaya 35. Har zuwa 4 ga Yuli yana tafe a haɗe, masu rakiya suna korar maharan, asarar kaɗan ce. A daren ranar ne Admiral Dudley Pound, shugaban rundunar ruwan Birtaniya, daga ofishinsa a Landan, ya yanke cewa ƙaton jirgin yaƙin Jamus Tirpitz ya fito, alhali babu tabbacin haka a hannunsa. Ya janye manyan jiragen rakiya, ya umarci ayarin ya watse, kowa ya yi ta kansa.

A lokacin Tirpitz na nan a mashigin Alta. Sai washegari ya fito, kuma a daren ya juya, domin aikin ya riga ya zama na wasu. Garke ne makiyayi ya tafi ya bari, kuraye kuwa suna kusa. Jiragen sama da na ƙarƙashin teku suka yi ta tsintar jiragen kayan ɗaya bayan ɗaya cikin hasken da ba ya ƙarewa, har gaɓar Novaya Zemlya inda wasu suka je ɓuya. Jirage 24 suka nutse, 11 suka isa. Tankoki 430 da jiragen sama 210 da motoci 3,350 suka tafi ƙasan teku, matuƙa 153 suka mutu.

Ayarin da ya biyo baya a Satumba, PQ 18, an haɗa shi da jirgin dakon jiragen sama da rakiya mai ƙarfi, ba a kuma watsa shi ba. Ya yi asarar jirage 13 cikin 40, yawanci a hannun jiragen sama, amma Jamus ta rasa jiragen ƙarƙashin teku uku.

Da gaske ne jirgin Sobiyet ya harbi Tirpitz?

Ya harba masa, wannan ba gardama. Ranar 5 ga Yulin 1942 jirgin K-21 ƙarƙashin Nikolai Lunin ya ci karo da Tirpitz da 'yan rakiyarsa, ya saki tofido huɗu daga nesa, ya ji ƙarar fashewa, ya ba da rahoton ya same shi. Shekaru da dama haka aka koyar a Tarayyar Sobiyet. Littafin aikin jirgin na Jamus bai nuna an same shi ba, bai ma nuna sun lura da harin ba, kuma jirgin bai shiga gyaran rauni bayan haka ba. Abin da ya tabbata shi ne rahoton hango shi da aka aika ta rediyo, na Lunin da na wasu, ya nuna wa Jamusawa asirinsu ya tonu, hakan kuma na cikin dalilan komawarsu.

Waɗanda suka raunata Tirpitz da gaske ƙananan jirage ne na Birtaniya masu ɗaukar mutum huɗu. A Satumban 1943 manyan jiragen ƙarƙashin teku suka jawo shida daga Scotland da igiya. Biyu suka salwanta a hanya, ɗaya ya juya saboda lalacewa, ɗaya ya ɓace a wurin harin. Biyu, X6 da X7, suka ratsa ragar ƙarfe a Kåfjord ranar 22 ga Satumba, suka ajiye nakiyoyi masu nauyin tan biyu-biyu a ƙarƙashin jirgin. Fashewar ta kwantar da shi kusan wata shida. Kwamandojin biyu, Donald Cameron da Godfrey Place, an kama su fursuna, daga baya aka ba su Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta Birtaniya. Jiragen sama ne suka ƙarasa Tirpitz kusa da Tromsø ranar 12 ga Nuwamban 1944.

Su jiragen Sobiyet wane aiki suka yi?

Rundunar Arewa ta Admiral Arseny Golovko ta fara yaƙin da jiragen ƙarƙashin teku 15, sansaninsu a Polyarny, bakin mashigin Kola. Aikinsu tare hanyar gaɓar Norway, musamman mashigin Varanger, da dasa nakiyoyi, da sauke 'yan leƙen asiri a bayan layin Jamus. Aiki ne mai cin rai. Jiragen kayan Jamus suna bin gefen duwatsu ƙarƙashin kariyar igwa, an kuma shimfiɗa nakiyoyi a hanyoyin shiga. Rundunar ta rasa jirage fiye da 20, da yawansu sun fita ne kawai ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Wasu labaran sun cancanci a tsaya a kansu. A Afrilun 1942 nakiya ta lalata farfelar jirgin Shch-421 na Fyodor Vidyayev a kusa da gaɓar abokan gaba. Ma'aikatan suka ɗinka filafilai da tamfol ɗin rufe inji, suka ɗaura a jikin madubin leƙe, iska ta riƙa tura su nesa da gaɓa har jirgin K-22 ya zo ya kwashe su. Magomet Gadzhiyev, ɗan Dagestan, ya yi suna wajen tasowa ya yi faɗa da igwa a fili, a haka kuma ya mutu tare da K-23 a Mayun 1942. Garuruwan Vidyayevo da Gadzhiyevo, inda jiragen nukiliyar Rasha ke zama yanzu, sunayensu suka ci.

Ƙarin jirage kuwa ta doguwar hanya suka zo. A ƙarshen 1942 shida suka taso daga gabashin Rasha, suka ratsa Tekun Fasifik da mashigin Panama da Atlantika. Jirgin Japan ya nutsar da ɗaya, L-16, a hanya. Biyar suka isa Polyarny a 1943.

Me ya sa alƙaluman nasara suke saɓa wa juna haka?

Domin kwamanda ba ya tsayawa ya ga sakamako. Yana harbi sai ya nutse ya gudu, da kunne yake yanke hukunci. Tofidon da ya kuskure ya daki dutsen gaɓa ƙararsa ɗaya da wanda ya daki jirgi. A Polyarny al'ada ce jirgin da ya dawo ya harba igwa sau ɗaya kan kowane jirgi da ya ce ya nutsar, a kuma gasa wa ma'aikatansa ɗan alade. Inda ake ba da lada kan iƙirari, iƙirari ba ya ƙaranci. Da aka gwada da takardun Jamus bayan yaƙi, adadin gaskiya ya yi ƙasa sosai.

Jamusawa ma ba su tsira ba. Daga ƙarshen 1943 sun samu tofido mai bin ƙarar farfela. Wanda ya harba shi dole ya nutse can ƙasa don kada ya juyo kansa, tofidon kuma yakan fashe da kansa a ƙarshen gudunsa. Sai aka yi ta rubuta jiragen rakiya a matsayin nutsattsu alhali suna nan lafiya, da yawansu ma suna jan wani ƙarfe mai ƙara a bayansu don ruɗar makamin.

Birtaniya ta tura nata jiragen can?

Ta tura. Tigris da Trident sun isa Polyarny a Agustan 1941, sun kuma nutsar da jiragen kayan Jamus a gaɓar arewa kafin Sealion da Seawolf su canje su. Trident ne aka ba kyautar 'yar barewar yankin, wadda aka sa wa suna Pollyanna. Ta yi makonni a cikin jirgin, ta yi ƙiba har fitar da ita ta ƙofar sama ya zama aiki, ta ƙare rayuwarta a gidan namun daji.

Akwai kuma ɓangare mai ɗaci. A cikin hazo da dusar ƙanƙara kowane jirgin ƙarƙashin teku kamar na abokin gaba yake. Ranar 2 ga Mayun 1942 masu rakiyar ayarin PQ 15 suka nutsar da jirgin Poland mai suna Jastrząb, nasu ne. A Yulin 1944 jirgin saman Birtaniya ya nutsar da wani jirgi da Birtaniyar ta ba Sobiyet aro yana hanyar zuwa arewa, da fitaccen kwamanda Israel Fisanovich da duk mutanensa.

Har ina Jamusawa suka kai ta gabas?

Har Tekun Kara, arewa da Saiberiya, a 'yan makonnin bazara da ƙanƙara ke buɗewa. A Agustan 1942 suka yi wa jirgin yaƙi Admiral Scheer leƙen hanya, shi ne ya nutsar da tsohon jirgin fasa ƙanƙara Sibiryakov ya kuma yi wa tashar Dikson ruwan wuta. A nan fararen hula suka fi mutuwa. A watan ne U-209 ya buɗe wa jerin kwale-kwalen ja wuta kusa da tsibirin Matveyev, mutum kusan 300 suka hallaka. A Agustan 1944 U-365 ya nutsar da Marina Raskova, mai ɗauke da ma'aikatan tashoshin arewa da iyalansu, tare da jiragen share nakiya biyu da suka tsaya ceto. Sobiyet ma ta rama: S-101 ya nutsar da U-639 kusa da Novaya Zemlya a Agustan 1943.

Mene ne alaƙarsu da hasashen yanayi?

Yanayin Turai daga arewa da yamma yake tasowa, wanda ya san abin da ke faruwa a Aktik yau ya san na Turai gobe. Jamus ta rasa rahotannin ƙasashen waje, sai ta koma dasa tashoshi a ɓoye, jiragen ƙarƙashin teku na cikin masu kai su. A Oktoban 1943 U-537 ya kafa tasha mai aiki da kanta a arewacin Labrador a Kanada, aka yi mata rubutun bogi kamar ta hukumar Kanada ce. Sai a 1981 aka tabbatar da ko ta wane ne. Ma'aikatan wata tasha a Franz Josef Land kuwa cutar naman farin beyar ce ta kwantar da su har aka kwashe su a 1944.

Mutum 11 na tashar Haudegen a Svalbard, waɗanda U-307 ya taimaka wajen kai su a 1944, an manta da su da Jamus ta faɗi. Sai ranar 4 ga Satumban 1945 suka miƙa wuya ga kyaftin ɗin wani jirgin farauta na Norway. Su ne sojojin Jamus na ƙarshe da suka ajiye makami.

Labarin zinarin da ya nutse fa?

Gaskiya ne. Jirgin yaƙin Birtaniya Edinburgh ya taso daga Murmansk da sandunan zinari 465, kuɗin kayan yaƙi da Sobiyet ta biya. U-456 ya harbe shi ranar 30 ga Afrilun 1942, ya ƙarasa nutsewa 2 ga Mayu. A 1981 masu nutso suka sauka zurfin kusan mita 245 suka ciro 431.

A ƙarshe wa ya yi nasara?

Ta fuskar kaya, ƙawance. An yi ayari 78, jiragen kaya kusan 1,400, aka rasa 85 da jiragen yaƙin Birtaniya 16. Kimanin tan miliyan 4 aka aika ta wannan hanya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na taimakon da Sobiyet ta samu, fiye da kashi 90 cikin 100 kuma ya isa. Jamus ta rasa jiragen ƙarƙashin teku wajen 30 a kan ayarin.

Amma ba a taɓa kawar da barazanar ba. Daga 1944 jiragen saman da ke tafiya da ayari sun hana farauta a buɗaɗɗen teku, sai Jamusawa suka sa bututun shaƙar iska da ke ba su damar kunna dizal a nutse, suka koma kwanton ɓauna a bakin mashigin Kola, inda dole kowane ayari ya shiga. Ruwan wurin hawa-hawa yake, mai gishiri da mara gishiri, mai sanyi da mai ɗumi, yana karkatar da sautin na'urar gano jirage. A can aka harbi jirgin rakiyar Birtaniya Goodall ranar 29 ga Afrilun 1945, saura kwanaki yaƙi ya ƙare.

Sun taɓa bi ta ƙarƙashin ƙanƙara zuwa ƙuryar duniya?

Ba a wancan yaƙi ba. Jirgin da dole ya taso ya sha iska ba zai yi nisa a ƙarƙashin rufin ƙanƙara ba. Sai da injin nukiliya ya zo: Nautilus na Amurka ya ratsa ƙuryar arewa a nutse ranar 3 ga Agustan 1958, Skate ya fasa ƙanƙara ya taso a wurin a Maris 1959, K-3 na Sobiyet ya isa a 1962. Daga nan ƙanƙarar da ke korar jirage ta zama maɓoyarsu, Tekun Barents kuma ya zama filin bin sawu tsakanin Amurka da Sobiyet. A yankin ne jirgin Sobiyet Komsomolets ya nutse a 1989, mutum 42 suka mutu, jirgin Rasha Kursk kuma a Agustan 2000 da mutum 118.

Akwai jiragen wancan yaƙi na Aktik da suka rage?

Akwai uku da ake iya shiga. K-21 na Lunin yana Severomorsk, sai dai gari ne na soja da ba a shiga sai da izini. S-56, ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka bi ta Panama, yana Vladivostok. U-995, wanda ya yi sintiri daga arewacin Norway a 1944 da 1945, ya yi wa rundunar ruwan Norway aiki bayan yaƙi kafin a mayar wa Jamus, yanzu yana bakin teku a Laboe kusa da Kiel, kuma shi kaɗai ya rage a duk samfurin VII.